Kafin ka yanki tikitin tafiya da ɗanka saurayi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Nasihar yau ta uban da Allah Ya hore wa hali ce, wanda ya ƙudurta cewa idan aka ba da hutun makaranta, sanyi ya ja da baya, itatuwa suka fara toho tsakanin Maris da Mayu, zai ɗauki ɗansa saurayi su je wani babban birni su yi 'yan kwanaki. Niyya ce mai kyau, kuma halal ce matuƙar ba saɓo aka nufa ba. Abin da ke damuna shi ne, za ka ga uba ya shafe makonni yana gwama kuɗin jirgi da na otal a waya, amma bai taɓa zama ko na awa ɗaya ya yi tunanin yaron da zai tafi da shi ba. Birnin yana nan, ko baɗi aka koma za a tarar da shi. Yaron ne ba zai tsaya ba. Ɗan shekara 15 na bana, nan da ɗan lokaci kaɗan sai da roƙo zai ba ka yini ɗaya.

Ka fara da shawara da shi. A Suratus Saffat, aya ta 102, Allah Ya ba mu labarin Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, lokacin da ɗansa ya kai munzalin fita aiki tare da shi. Umarni ne daga sama, babu mai iya sauya shi, amma duk da haka sai da ya ce: "Ya ɗana, na gani a mafarki ina yanka ka, to duba, me ka gani?" Idan Khalilullahi ya nemi jin ra'ayin ɗansa a kan al'amari mai nauyin wannan, kai mene ne naka na yanke birni da rana da wuraren ziyara kai kaɗai, sannan ka ce masa "shirya kayanka"? Kira shi ku zauna. Ka ce: "Ɗana, ga abin da aljihuna zai iya, ga kwanakin da muke da su, ina kake sha'awar gani?" Ƙila ya ce filin ƙwallo, ko gidan tarihin jiragen sama, ko wata doguwar hasumiya da ya gani a intanet. Kada ka yi tsaki. Ka sa nasa a cikin tsarin, shi ma zai bi ka naka da daɗin rai.

Kada kuma ka raina shekarunsa. Abdullahi ɗan Umar ya ce an gabatar da shi ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ranar Uhudu yana ɗan shekara 14, bai ba shi izinin shiga yaƙi ba, ranar Khandaƙ kuwa yana ɗan 15 ya ba shi. Yaron da tsaransa suka tsaya a sahun maza ba zai gaza riƙe taswira ba. Ɗora masa aiki na gaske. Shi zai nemo layin jirgin ƙasa daga filin jirgi zuwa masauki, shi zai gano masallacin da ya fi kusa, shi zai riƙe kuɗin kashewa na yini ya kawo lissafi da dare. Idan ya hau da ku jirgin da ba shi ba, ku sauka a tasha ta gaba ku juyo, ba tare da gori ba.

Akwai kuma waɗanda za ku bari a gida. Mahaifiyarsa tana da haƙƙi a wannan tafiya, a nemi yardarta da addu'arta. Hukumomin ƙasashe da dama ma sukan nemi takardar amincewar ɗaya iyayen idan yaron bai kai shekara 18 ba, don haka a tanade ta tun da wuri tare da fasfo da biza. Sai 'yan uwansa. Bashir, mahaifin Nu'umanu, ya yi wa ɗansa kyauta ya je ya kafa Annabi shaida, Annabi ya tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya yi wa haka. Da ya ce a'a, sai ya ce masa: "Ku ji tsoron Allah, ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku." Tafiya ma kyauta ce, babba kuwa. Idan bana ta wannan ce, ka tara sauran ka gaya musu da bakinka yaushe ne tasu, kuma ka cika. 'Ya'ya mata na ciki. Sannan don Allah kada a ci bashin ruwa saboda yawon buɗe ido. Birni na kusa da kuɗin halal ya fi na nesa da bashin ruwa.

Yanzu maganar salla, wadda a nan ne ake gane uba. A gida yaro yana ganin ka kana salla saboda ladan ya kira, maƙwabta sun fito. A birnin da ba kiran salla, ba wanda ya san ku, a nan zai gane ko don Allah kake yi. Kuma wannan yanayi yana da nasa rikici. Yawancin ƙasashen Turai suna tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, Amurka kuwa a Lahadi ta biyu ta watan. Yini yana ta ƙara tsawo kullum. A Landan, ƙarshen Mayu, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, kuma kafin 5 na safe ta fito. Wanda ya tafi da lokutan da ya saba a kansa, Asuba za ta wuce shi yana barci. Ku sauke jadawalin sallar birnin tun kafin ku tashi, a tsara yawon a kansa.

Allah kuma Ya sauƙaƙa wa matafiyi. Azahar da La'asar da Isha suna komawa raka'a biyu-biyu idan tafiyar ta kai kimanin kilomita 80, kuma akwai rangwamen haɗa salloli biyu a kan hanya. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a gari zai cika sallarsa, Hanafiyya kuma suka ce kwana 15. Wanda ya bi limami mazaunin gari, cikawa zai yi. Ku je wurin malami tare da yaron kafin tafiya, ku faɗa masa kwanakinku ya warware muku, ka bar shi shi ma ya yi tambayarsa. Babin ƙasaru da ya karanta a makaranta ya manta, ranar da ya ja ka salla raka'a biyu a ɗakin salla na filin jirgi, jakunkunanku jingine da bango, ana ta kiran fasinjoji a lasifika, ba zai ƙara mantawa ba. Na ce ya ja ka, domin idan ya balaga kuma ya iya karatu, limancinsa ya inganta. Ka gwada ko sau ɗaya.

Tunda an ambaci balaga, bari in faɗi abin da iyaye suke jin nauyinsa. Idan ɗaki ɗaya za ku kwana, a nemi mai gado biyu, domin Annabi ya yi umarnin raba wa yara shimfiɗa tun suna shekara 10. Idan ka tashe shi da asuba ka ga ya daɗe a banɗaki, kada ka buga ƙofa kana faɗa. Wataƙila wanka ne ya kama shi, kunya ta hana shi faɗa. Ka tashe shi da sauran lokaci, ka sutura shi da shirunka. Idan kuma ba ka da tabbacin ya san yadda ake wankan janaba, wannan tafiya dama ce ta koya masa cikin taƙaitattun kalmomi.

A kan titi kuma idonsa zai ga abin da ba ka so. Sanyi ya tafi, mutane sun rage sutura, allunan talla sun cika tashoshi, wuraren shan giya sun fito da kujerunsu bakin hanya. Ba za ka iya rufe masa birni ba. Dubi yadda Manzon Allah ya yi a Hajjin Bankwana. Ya goya Fadlu ɗan Abbas a bayansa, saurayi kyakkyawa. Wata mata 'yar ƙabilar Khas'am ta zo tambaya a kan yi wa mahaifinta tsoho aikin Hajji, Fadlu ya tsaya kallonta. Annabi bai daka masa tsawa ba, bai tozarta shi a gaban jama'a ba. Hannu ya miƙa ya kama haɓarsa ya juyar da fuskarsa, ya ci gaba da amsa tambaya. Kai ma dafa kafaɗarsa, ka ja hankalinsa zuwa wani abu, ku wuce. Amma ka sani, kafin ka duba inda idonsa yake, shi ya riga ya duba inda naka yake.

Su me za ku gani? Allah Ya ce a Suratul Hajji, aya ta 46, shin ba su yi tafiya a bayan ƙasa ba, har su sami zukatan da za su yi hankali da su? Kowane birni yana da abin da zai tsayar da zuciya. A Istanbul akwai Aya Sofiya, da aka kammala a shekarar 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a 1934, ta koma masallaci a 2020. A birnin kuma kabarin Abu Ayyub al-Ansari yake, wanda Annabi ya sauka a gidansa a Madina, ya fita yaƙi da tsufansa har ajali ya riske shi a can. A Kurɗuba ta ƙasar Sifen akwai masallacin da aka aza harsashinsa wajen shekarar 785, wanda ya koma coci bayan 1236. A Garnaɗa, ita ma a Sifen, bangon fadar Alhamra cike yake da rubutun "Wa la galiba illallah", wato babu mai rinjaye sai Allah, kuma masu fadar sun miƙa ta a 1492. Ka tsaya da shi a gaban wannan rubutu ka tambaye shi me ya fahimta, ka saurara har ya gama. Ko birnin ba shi da tarihin Musulunci, ga bambancin harsuna da launuka a cikin jirgin ƙasa guda, wanda Suratur Rum ta kira aya. Ga lambun da watanni biyu baya yake ƙirare, yau ya cika da fure, kuma a surar dai aka ce ka dubi alamun rahamar Allah, yadda Yake raya ƙasa bayan mutuwarta.

Sai dai kada ka mayar da kowace kusurwa mumbari. Lokacin da Annabi ya goya Ibn Abbas a bayansa, cewa ya yi: "Ya kai yaro, zan koya maka wasu kalmomi. Ka kiyaye Allah, zai kiyaye ka." 'Yan jimloli ne, suka zauna masa har ƙarshen rayuwa. Magana ɗaya mai kyau a yini ta isa. Sauran lokacin ku ci abinci, bayan kun tabbatar halal ne, ku yi dariya, ka bar shi ya ba ka labarin abokansa. Idan kana son ya ajiye waya lokacin cin abinci, taka za ta fara shiga aljihu. Hotuna kuma a yi su don tunawa, ba dole ba ne duniya ta ga kowane faranti da kowane ɗaki.

Gajiya za ta zo. Annabi ya ce tafiya yanki ce ta azaba, tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa. Ga ruwan sama da kan sauko ba zato a wannan yanayi, ga dogon layi domin lokacin hutu ne ga kowa. Kada ku cusa wurare biyar a yini ɗaya, biyu sun wadatar. Za a kai lokacin da zai ɗaure fuska, ka yi magana ya amsa da "to" a daƙile, ko ya mance jaka a mota. A nan ka riƙe harshenka da kyau. Ya zo a hadisi cewa addu'o'i uku karɓaɓɓu ne babu shakka: ta wanda aka zalunta, da ta matafiyi, da ta mahaifi a kan ɗansa. Kai ka haɗa biyu a lokaci guda. A kan hanyar tafiya ne wani ya la'anci raƙuminsa, Annabi ya ce kada ku yi wa kanku mugun baki, kada ku yi wa 'ya'yanku, don kada ku dace da sa'ar karɓa. Maimakon "kai dai ba ka da amfani", ka ce "Allah Ya shirya min kai". Ka kuma bari ya ji kana ambaton sunansa da alheri bayan salla, domin yara da yawa sun girma ba su taɓa jin wannan da kunnensu ba.

Ku haddace addu'ar hawa abin hawa tare, ku karanta a bayyane idan jirgi ya fara gudu: kabbara uku, sannan "Subhanallazi sakhkhara lana haza wa ma kunna lahu muƙrinin, wa inna ila Rabbina lamunƙalibun." Idan kun shiga masauki, "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ." A hanyar dawowa kuma, "Ayibuna, ta'ibuna, abiduna, li Rabbina hamidun." Annabi idan ya dawo daga tafiya yakan fara da masallaci ya yi raka'a biyu, ku ma ku yi hakan. Tsarabar mahaifiyarsa da ta ƙannensa, ka bar shi ya zaɓa da kansa, kuma shi zai miƙa musu.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya shirya mana zuri'armu.