"Thou" ta Turawa da "ku" ɗinmu

'Yan'uwana matasa, duk wanda ya taɓa buɗe fassarar Alƙur'ani ta Turanci ta Yusuf Ali, wadda ta fara fitowa a 1934, ya ci karo da "thou" da "thee". Da yawanmu mun ɗauka kalmar girmamawa ce, tunda a wajen ambaton Allah muke ganinta. Asalinta ba haka ba ne. "Thou" ita ce kai ko ke, 'yar'uwar "du" ta Jamusanci da "tu" ta Faransanci. "You" kuwa ta jam'i ce, wato ku.

Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, sannu a hankali manyan ƙasar suka ɗauki al'adar Faransa ta kiran babba da jam'i. Sai "thou" ta koma ta yara da barori da aminai, da kuma wanda ake so a ci wa fuska. A 1603, da ake shari'ar Walter Raleigh, wani babban bafaden Ingila, kan cin amanar sarki, mai gabatar da ƙara, Edward Coke, da gayya ya jefe shi da ita a gaban kotu don ya muzanta shi. Mabiya George Fox, mai wa'azin Kirista da ya kafa ɗarikar Quaker a Ingila, da suka dage sai sun ce wa kowa "thou" har da alƙalai, sun sha duka a kanta. Gudun ɓata wa mutum rai yana cikin abin da ya sa aka riƙa ce wa kowa "you", har "thou" ta bar bakin mutanen Landan, ta maƙale a coci da karkarar Yorkshire da ke arewacin Ingila.

Su kenan suka ajiye ta raini suka riƙe ta ladabi. Mu fa? Abin da ke ci min rai shi ne tamu ta ladabin, wato ce wa babba "ku", muke saki, musamman a waya. Don Allah, kafin ku danna tura saƙo ga babba, ku karanta shi kamar kuna tsugune a gabansa.

Makon jiya ƙanena ya nuna min abin da zai tura wa kawunmu, dattijon da ya haura saba'in: "Kawu ka turo min kuɗin makaranta." Ba sallama, ba gaisuwa. Na zaunar da shi ya goge, ya sake: "Salamu alaikum Kawu, an wuni lafiya? Dama kuɗin makaranta ne nake tuna muku." Bayan magariba Kawu ya kira shi da kansa, ya tambayi karatu, ya sa masa albarka, sannan aka zo maganar kuɗi.