Wanda ya yi maka hidima, zai so ya sake taka ƙofarka?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa.

Yawancin ma'aikata ranar da suka ajiye aiki, ko hanyar wurin ba sa son sake bi. Shi ya sa al'amarin wani dattijo a nan Bronx, birnin New York, ya tsaya mini a rai.

A unguwar Belmont yake, wajen titin Arthur Avenue, inda 'yan Italiya suka yi kaka-gida sama da shekara 100 da suka wuce, har aka buɗe musu kasuwa mai rufi a 1940. Mu 'yan Afirka ta Yamma da ke Bronx mun san wurin, don wasunmu can suke wanke-wanke ko sauke kaya. Dattijon nan ƙuruciyarsa duk a wani ƙaramin gidan abinci na Italiyawa ya ƙarar da ita, yana kai wa baƙi abinci. Ya yi ritaya, gwiwa ta gaji. Amma da la'asar sai ka gan shi ya tako gidan abincin nan a hankali, ya zauna a teburin da ke kusa da ƙofar kicin, a kawo masa 'yar taliya da miyar tumatir da gutsuren burodi. Idonsa na kan tebura. In ya hangi cokali mai yatsu ya karkace, sai ya miƙa hannu ya daidaita shi. In sabon yaro ya ɗauko faranti huɗu yana rawar jiki, ya yafito shi, ya nuna masa yadda ake ɗora na uku a kan tsintsiyar hannu.

Na tambaye shi me ke dawo da shi. Bai ambaci kuɗi ba. Ya ce tsohon mai gidan bai taɓa yi masa tsawa a gaban baƙo ba, kuma kullum kafin a buɗe ƙofa, mai gida da kuku da mai wanke-wanke tare suke zama su ci daga tukunya ɗaya.

Ba tallar gidan nake yi ba. Irin waɗannan wurare ana sayar da giya da naman alade, Musulmi kuwa ya san iyakarsa. Abin da ya dame ni shi ne halin da mutumin nan yake yabo, namu ne, a littattafanmu yake.

Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya ce idan mai yi wa ɗayanku hidima ya kawo masa abinci, in bai zaunar da shi sun ci tare ba, to ya ba shi loma ɗaya ko biyu, domin shi ya sha zafin girkin da wahalarsa. Dubi inda Annabi ya kai ido: zafin murhu, hayaƙi, hannun da ya ƙone. A gidajenmu fa? 'Yar aiki ta yini tana tuƙa tuwo, sai kowa ya ƙoshi sannan a tura mata ƙanzo a bayan ƙofa. Yaron shago ya shekara goma yana buɗewa yana rufewa, ranar sallama a ƙirƙiro masa laifi don kada a ba shi jari.

Anas ɗan Malik (RA) shekara goma ya yi yana yi wa Annabi hidima. Da bakinsa ya ce Annabi bai taɓa ce masa "tir" ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza, ko me ya hana ka yin kaza ba. Anas ya yi tsawon rai, ya rasu a Basra, ya ruwaito hadisi sama da 2,000, kuma har tsufansa shekarun nan goma yake ba da labari. Mai hidima ba ya mantuwa. Ya ga fuskarka ta cikin gida, wadda abokan sahun gaba a masallaci ba su taɓa gani ba.

Sai mu da ke zama a kawo mana. A Amurka dokar tarayya ta yarda a biya mai kai abinci dala 2.13 kacal a awa, tun 1991 ba a ƙara ba, a kan cewa tukwicin baƙi zai cike sauran. Wasu jihohi, har da New York, sun ɗaga nasu, amma a ko'ina tukwicin nan babban ɓangare ne na abin da mutum zai kai gida. Ɗan'uwa, in ka ci ka tashi ba ka bar komai ba, alhali ka san yadda tsarin yake, ka tauye wanda ya yini a tsaye dominka. Ga kuma masu kiran ma'aikaci da tafi ko da "kai!", ko da ya yi sa'ar mahaifinsu. Wallahi abin yana ba ni kunya, musamman in mai yin haka da tabon sallah a goshi.

Kada mu ɗauka wannan zancen ladabi ne kawai. A hadisin ƙudusi da ke cikin Bukhari, Allah Ya ce mutum uku Shi ne abokin shari'arsu ranar alƙiyama, cikinsu akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Wa zai iya shari'a da Allah?

In akwai direba, ko mai gadi, ko 'yar aiki da ta bar gidanka da haƙƙinta a hannunka, nemo lambarta yau, tun kana da ikon biya da kuɗi.

Ya Allah Ka yafe mana haƙƙin waɗanda suka yi mana hidima muka gaza musu, Ka hore mana abin sauke shi kafin mu bar duniya. Amin.