Kafin mu ce alƙaluman ƙarya ne, mu leƙa Konni

Jiya da dare an kai ruwa rana a zaurenmu na WhatsApp na tsofaffin ɗalibai. Wani ne ya ɗora taswirar Najeriya, an shafa wa kowace jiha launi gwargwadon yawan mutuwar ƙananan yara, sai ga Sakkwato da Kebbi sun yi jawur. Kafin ka ce kwabo wani ya ce aikin 'yan Kudu ne, so suke su ɓata mana suna. Wani ya ce Turawa ne ke ƙirƙirar lissafin don su samu na cefane. Ban ce uffan ba a can, don na san ba za a bari in kai aya ba. Shi ya sa na kawo maganar nan.

Wa ya tara alƙaluman? Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke yin binciken, kusan duk bayan shekara biyar. Ma'aikata ke bi gida-gida, su zauna da mata su tambaye su: 'ya'ya nawa kika haifa, nawa ke raye, wanda ya rasu wata nawa ya yi a duniya. Ke nan iyayenmu da ƙannenmu ne suka ba da amsar da bakinsu. Wace uwa ce za ta ƙirƙiri mutuwar ɗanta don ta faranta wa ɗan Legas?

Binciken 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 132 ba sa cika shekara biyar. Wannan shi ne lissafin ƙasa baki ɗaya, wanda ake karantawa a taron Abuja. Amma in ka tsaga shi sai ka ga Arewa maso Yamma 187, Kudu maso Yamma 62. Maƙwabciyarmu Kebbi 252, Ogun 30. Ƙasa ɗaya, ministan lafiya ɗaya. Yaran da rashin abinci mai gina jiki ya tsumbure su kashi 57 cikin 100 ne a shiyyarmu, kashi 18 a Kudu maso Gabas. Haihuwa a asibiti kashi 16 a nan, sama da 80 a can. Batun rigakafi kuwa, Anambra ta haura kashi 70 na yaran da suka kammala allurorinsu, mu Sakkwato ko 10 ba mu kai ba. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta auna talauci ta fuskar lafiya da ilimi da muhalli, Sakkwato ce ta zo kan gaba da kusan kashi 91, Ondo na can ƙasa da 27.

To, in an kawo wannan, amsa biyu nake ji. Namu su ce ƙarya ne. Na waje su ce ai al'adarsu ce da addininsu, ba sa son asibiti. Ta biyun ta fi ba ni haushi, don tana wanke gwamnati tas.

Ku hau mota zuwa Illela ku tsallaka Konni ta Nijar. Hausawa ne, Musulmi ne, surukanmu ne, gero ɗaya muke ci, zafin rana ɗaya ke gasa mu. Nijar ba ta kama ƙafar Najeriya a arziki ba. Amma zamanin Shugaba Tandja Mamadou sun bi karkara sun gina ƙananan ɗakunan shan magani, a 2006 kuma suka mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Mutuwar yara a can ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Ban ce Nijar ta zama Dubai ba, har yau suna fama, kuma kuɗin kyautar kan makale a hannun gwamnati. Abin da nake cewa shi ne, da aka kai magani kusa da ƙofar Bahaushiya aka cire mata kuɗi, ta kai ɗanta. Ina al'adar ta tafi?

Mu ma mun gani a gida. Bayan ƙauracewa rigakafin shan inna da aka yi a Kano a 2003, an ce Arewa ba za ta taɓa yarda ba. Da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da sarakuna da hakimai suka sa baki, aka bi lungu-lungu, a 2020 aka tabbatar ƙwayar cutar ta asali, wadda ake kira ta daji, ta bar Afirka. Sai dai tambayar da dattawan ƙauye ke yi tun lokacin har yau ba a amsa ba: me ya sa ɗigon shan inna ke zuwa har ɗaki, amma maganin zazzaɓin cizon sauro sai an sayar da akuya?

Akwai kuma abin da taswirar nan ba ta nuna ba, shi ne ya fi damuna. Ta shafa wa Sakkwato launi ɗaya, alhali ƙananan hukumomi 23 ne. Mai gida a Mabera ko Arkilla da zai hau Keke Napep ya isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo cikin 'yan mintuna ba ɗaya yake da mutumin ƙauyen Isa ko Sabon Birni ba, wanda in naƙuda ta zo wa matarsa da dare sai dai a jira gari ya waye saboda 'yan bindiga. Asibitin yara masu cutar noma, wadda ke cinye baki da fuska, a cikin garin nan yake, amma ku tambaya daga ina ake kawo yaran. Ba daga GRA ba. Ciwo ne na yunwa da ƙyanda da rashin rigakafi, kuma sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan.

Yayata ungozoma ce a wani asibitin karkara. Na taɓa ganin rajistarta na ce, Yaya, ai aikinku na kyau, ban ga mutuwa ko ɗaya ba wannan watan. Ta yi murmushi ta ce, "Kai dai yaro ne. Littafin nan wanda ya iso yake rubutawa." Jaririn da ya rasu da asuba an rufe shi kafin hantsi, ba takardar haihuwa balle ta mutuwa. Don haka in ma akwai kuskure a lissafin, ni tsorona shi ne ragi aka yi mana, ba ƙari ba.

Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko. Ina so in ga an manna takarda a ƙofar sakatariyar kowace ƙaramar hukuma: nawa suka iso, asibiti nawa ke da ungozomar da ke kwana, firji nawa na rigakafi ke aiki, yara nawa aka yi wa allurar ƙyanda. Taswirar gunduma-gunduma nake so, ba ta jiha-jiha ba. Wanda ya ce alƙaluman Abuja ƙarya ne, bismillah, ya ƙirgo mana na gundumarsa ya kawo zaure ranar Juma'a, ni zan kawo na tamu.