Yadda Jan Aljani Ya Kwana A Gidanmu

Wani abokina ne da ya dawo daga karatu a waje ya ba ni aron littafin zane mai suna Hellboy, yana ta ja min kunne wai in riƙe masa amana don da ƙyar ya samu. Ni kuwa dama tun ina yaro mayen littattafan yaƙi ne, irin na sadaukai da matsafa da aljanu masu kai bakwai, to da na ga jan ƙato riƙe da bindiga sai na ce yauwa, ga irin namu nan har da hoto.

Wani Ba'amurke ne Mike Mignola ya zana shi, kamfanin Dark Horse ya fitar a 1994. Wai a 1944 ana tsaka da yaƙin duniya na biyu mutanen Hitila suka sa boka Rasputin ya yi musu tsafi a wani tsibiri a gefen Sikotilan don ya kira musu abin da zai ci musu yaƙi, sai abin ya ɓulla a wani tsohon coci a Ingila, jariri ja jawur da wutsiya da hannun dama na dutse, ya faɗa hannun abokan gabarsu, wani farfesa ya raine shi har ya girma ya kama aiki a hukumar farautar dodanni.

Da daddare na tafi da shi teburin mai shayi don in ɗan yi burga. Wallahi ko minti biyar ba a yi ba littafin ya bar hannuna, kuma duk wajen babu wanda ya karanta layi ɗaya, hoto kawai ake kallo ana yanke hukunci. Telan layinmu ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai aljani da aikin gwamnati, to albashi ake biyansa ko alawus, kuma in ya yi ritaya wa zai bi masa fansho? Mai shayi ya dage wai abubuwan nan biyu na goshinsa tabarau ne na masu walda, da na ce a'a ƙaho ne yake kankarewa don ya saje da mutane sai ransa ya ɓaci, ya ce haba, a ba ka ƙaho kyauta ka sa zarto, ai wannan butulci ne. Wani ɗan acaba ya juya shafi ya juya ya ce Malam an cuci abokinka, rabin littafin baƙi ƙirin kamar an ɗauke wuta. Na yi ta bayani cewa salon mai zanen ke nan, da inuwa yake aiki kuma shi ne ma ya sa ya yi suna, ya ce ko ma mene ne dai kuɗin tawada aka ci.

Amma inda aka kusa dambe a kan Abe Sapien ne, abokin aikin Hellboy mai numfashi a ruwa. Rabi suka ce mutum ne rabi suka ce kifi ne, wani Bakabe da ke gefe ya ajiye kofinsa ya ce ku bar musu, duk wanda ya kamo wannan a Argungu shi ke da mota.

Na dawo gida na cusa shi ƙarƙashin filo. Da safe Hajiya Kaka ta shigo shara, kuma cikin duk shafukan duniya sai ta buɗe daidai inda wasu mutane suka rikiɗe suka zama kwaɗi. Ina dawowa daga masallaci na tarar da ɗakina ya turnuƙe da hayaƙin habbatussauda da tazargade, ga kofin rubutu an ajiye min a bakin ƙofa. Na ce Hajiya dan Allah ki saurare ni, wannan fa na kirki ne, mugayen yake kashewa. Ta riƙe haɓa ta ce "Au, har ka san halinsa? To shi ya sa ka ƙi aure." Na shanye rubutun tas don a zauna lafiya, na tambayi littafi ta ce ta fitar da shi, ba za ta ƙona a gidanta ba kar hayaƙin ya kama jikokinta.

Ashe mai ƙosan bakin layi ta ba wa. Sai ga ƙanena ya shigo da ƙosan ɗari biyu a naɗe cikin fuskar Rasputin, gemun duk ya jiƙe da yaji. Haka na bi unguwa gida-gida ina roƙon takarda, wani ya ba ni, wani ya ce ya hura gawayi da ita, wani dattijo kuma ya tsare ni a zaure wai sai na faɗa masa ko jan yaron ya tsira don shi shafinsa a tsakiyar faɗa ya yanke. Abokina kuma sai kira yake ina kifa wayar.

Na je wajen mai ƙosan ko da saura, ta ce ya ƙare tun ƙarfe takwas, ta ɗago matsami ta nuna ni da shi ta ce "Kuma ka gaya wa Hajiya takardar nan ba ta da kyau, santsi gare ta ba ta shan mai, gobe in za ta aiko ta aiko da jarida."