Ba sai furfura ta fito za ka rubuta wasiyya ba

A ƙasar Hausa ka ce wa mutum ya rubuta wasiyya, nan take zai ce maka bakinka ya sari ɗanyen kashi, kamar ka yi masa fatan mutuwa. Wasu kuma su ce ai Allah Ya riga Ya raba gado a suratun Nisa'i, to rubutun me kuma? Gaskiya ne Ya raba, amma fa ayoyin sun ce rabon yana zuwa ne bayan wasiyya da biyan bashi, to waye zai san bashin idan mai shi ya tafi da shi a ciki?

Ni a ganina ba maganar shekaru ba ce. Ranar da ka fara cin bashi ko aka ba ka ajiya ko ka shiga adashi ko ka sayi fuloti, ranar ta kama ka, ko da shekararka 25 ne. Hadisin Ibn Umar da ke Bukhari da Muslim ma kwana biyu kacal ya ba wanda yake da abin yin wasiyya, bai ce sai ya kwanta ciwo ba.

Ku duba 'yan kasuwarmu na Kwari da Singa da Dawanau, miliyoyi ake bayarwa da baki, "ɗauki kaya in ka sayar ka kawo", ba takarda ba shaida, ranar da aka wayi gari babu mutum sai ka ga kafin sadakar bakwai masu bin sa bashi sun yi layi, waɗanda shi yake bi kuwa shiru kake ji, matarsa ba ta san komai ba domin bai taɓa gaya mata ba, yara kuma ƙanana. Ga kuɗi a OPay da Moniepoint, waya a kulle. Sunan ɗan'uwa da ka cike a fom ɗin banki ba ya mayar da shi magaji, banki sai ya nemi takardar kotu kafin ya saki ko sisi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne jikoki marayu. Ɗanka ya riga ka rasuwa ya bar yara, idan kana da wasu 'ya'ya maza da rai to waɗannan jikokin ba su da kaso, baffanninsu sun katange su. A Masar tun 1946 doka ta wajabta a fitar musu da rabo, mu nan sai dai kakan ya yi da kansa, kuma ƙofa a buɗe take, sulusin dukiya (kashi ɗaya cikin uku) ne iyaka kamar yadda Annabi (SAW) ya gaya wa Sa'ad bn Abi Waƙƙas. Haka agola, haka yaron gida da ya yi maka hidima shekara da shekaru. Magaji ne dai ba a yi wa wasiyya, sai in sauran magada sun yarda.

Kuma mata ma da su nake, Hajiya mai gwala-gwalai a ajiye wurin ƙawa da shanu a ruga, waye ya sani?

Ba sai da lauya ba in dukiyar ba mai sarƙaƙiya ba ce. Takarda, kwanan wata, wa kake bi, wa yake bin ka, ajiyar wa ke hannunka, ina takardun fili, wa ka amince ya riƙe maka yara. Sa hannu, adalai biyu su shaida, malami ya duba maka kada ka wuce sulusi. In ka ƙara aure ko an yi haihuwa ko ka biya wani bashi, sai ka sake sabuwa.