A rediyo ɗari biyar, a bakin ƙofa dubu

Wato masu wurin wasan yaran nan sun ɗauka duk wanda ya sauko daga motar ƙauye da yara a hannu, akuya ce ta kawo kanta mahauta. Kun dai ji abin da aka yi mana ranar uku ga Sallah. Sati guda ana shela a rediyo kuɗin shiga ɗari biyar, muna isa yaron da ke yankar tikiti ya ce dubu. Wai "Baba, ai Sallah ce." To da kuke tallan, Ashura kuke nufi?

Yara bakwai na kwaso daga Kibiya, nawa da na ƙanena, kuɗin barka da Sallarsu ƙulle a bakin mayafin babbar. Na biya, don ba zan iya juyawa da yara suna leƙen lilo ta cikin waya ba. Lilon nan mai hawa sama ya ɗaga da ƙananan biyu, sai janareta ya mutu. Suna can suna kiran Baba, mai kula da shi ya tafi sayen gurasa. A mayar mana da kuɗi? Wai ba a yi.

Kada wani ya zo min da zancen tsadar mai. Tun da aka cire tallafi a 2023 ni ma da fetur ɗin nan nake ban ruwa a fadama. Ku ƙara kuɗinku, amma abin da kuka faɗa a rediyo shi za a tarar a ƙofa. Magana ɗaya. Dubu ce, ku ce dubu, mu lissafa tun daga gida. Magana ɗaya dai!

Wallahi ina son wurin ya ɗore. Yaron karkara ba shi da wurin zuwa sai gidan zoo a birni ko bakin dam ɗin Tiga. Amma baƙauye ba ya rubuta ƙorafi, a majalisa yake faɗa bayan sallar Juma'a, babbar Sallah ta zo ku nemi motar garinmu ku rasa.

Ko da yake me zan ce, a jihar da a 2019 aka ce goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga gidan zoo na Kano, Gwamna Ganduje ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. Af, wanda ya tsinci takalmin yaro ja, ƙafar hagu, namu ne.