Sunan Nana Asma'u mun riƙe, saura aikinta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan'uwa, da wuya ka shiga babban gari a Arewa ka rasa makarantar 'yan mata ko Islamiyya da aka raɗa wa sunan Nana Asma'u. 'Ya'yanmu da yawa sunanta suka ci. Amma in aka tambaye mu me ta yi da shekarun da Allah Ya ara mata, yawancinmu ba za mu wuce cewa ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce ba. Shehu kuwa ya haifi 'ya'ya da yawa, kuma haihuwar ba ita kaɗai ta sa ake ambatonta har yau ba.

An haife ta a Ɗegel a wajajen 1793, ita da tagwaininta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, abokan zaman uwar suka rene ta. Tana 'yar kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ƙuruciyarta a cikin gudun hijira da yaƙi da yunwa ta wuce. Duk da haka karatu bai tsaya ba, domin a gidansu ba a san a ce wannan mace ce, a bar ta a madafa ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi fiƙihu da tauhidi, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa da yaren Buzaye. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta haifa masa 'ya'ya maza, ɗaya daga cikinsu, Abdulƙadir, shi ya gaji mahaifinsa a wazirci. Marigayi Waziri Junaidu daga zuriyarta ya fito, kuma a gidansu aka adana rubuce-rubucenta. Abin da ya iso gare mu na ayyukanta ya haura 60. Duk wannan a ɗakin aure ta yi shi, da goyo da baƙi da hidimar gidan waziri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihinta shi ne waɗanda ta zaɓa ta koyar.

Mace mai irin iliminta da matsayinta tana iya zama ta riƙa musayar wasiƙu da manyan malamai da Larabci, kuma ta yi hakan. Sai dai ta duba ta ga ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno cike suke da matan da yaƙi ya tarwatsa. Wasu mazansu sun mutu, wasu an kamo su daga ƙasar Gobir da Kabi, da yawa ba su san ko alwala ba, in ciwo ya kama su ko baƙin ciki ya yi yawa sai su nufi gidan bori. Waɗannan matan ba 'ya'yan malamai ba ne, ba su jin Larabci, kuma babu halin su bar miji da 'ya'ya su zo birni. To, ita ba ta zauna jiransu ba. A tsakanin 1830 da 1840 ta kafa abin da aka sani da 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da amana a kowane gari, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa a ka, ta naɗe malfar da jan rawani. Jajin nan ita za ta jagoranci ayarin tsofaffin mata da ƙananan 'yan mata, su tako da ƙafa zuwa wurin Nana, ɗauke da ɗan abin da suka samu na zuma da man shanu da hatsi da zare. Ita kuma sai ta raba kayan ga mabuƙata, ta zaunar da su ta biya musu karatu, su haddace, su koma gida su shiga ɗaki ɗaki suna biya wa matan aure.

Karatun ma a waƙe ta shirya shi, da ajami, cikin harshen da suke ji, domin mace ta iya rerawa tana daka ko tana kaɗi. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 a gajeriyar waƙa guda, da Fulatanci, sannan da Hausa, daga baya da Larabci. Ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa. Ta yi waƙa a kan mata salihai tun daga matan Annabi (SAW) har zuwa na zamaninta, domin mace ta san tana da magabata. Malama babba ce ta sauko ta yi magana daidai fahimtar mai tallar nono, ba ta ga hakan ya rage mata komai ba.

Ku dubi kuma waɗanda ta yi wa marsiyya. Da ɗan'uwanta Bello ya rasu a 1837, sarkin da ya ci yaƙe-yaƙe, halinsa ta fi yabawa: karantarwa, kyauta, taimakon mai rauni, tsoron Allah. Da alƙalamin nan dai ta yi kukan wata maƙwabciyarta Halima, mace da ba sarauta gare ta ba, ta yabe ta da haƙuri da sada zumunci da girmama babba da yaro. Ta yi kukan wata jajinta mai suna Hauwa'u, ta ambaci yadda take kan hanya bazara da damina, kaka da hunturu, tana kawo mata masu neman sani. Ni a ganina a nan ake gane mizanin mutum, a wanda yake ganin ya isa a yi kukan rashinsa.

Yanzu mu dawo gidajenmu.

Akwai tsohuwa a gida, wataƙila mahaifiyarka ce, wataƙila gwaggonki. Ba ta fashin salla, azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta, carbi ba ya barin hannunta. Amma ka taɓa zama kusa da ita lokacin da take sallar Magariba, ka kasa kunne ka ji Fatihar? Sau da yawa za ka ji haruffa sun haɗe, aya ta faɗi, tahiya rabi ce. Ba laifinta ba ne, an yi mata aure ba ta kai ko'ina a allo ba. Tana jin nauyin ta tambayi ɗan da ta haifa, shi kuma yana can yana musu a Facebook a kan mas'alar da manyan malamai suka yi saɓani. A cikin gidan nan akwai wadda ta yi sauka, an yi walima, an raba kalanda. Akwai kuma yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana wanke-wanke. Ita ke shirya yaran gida su tafi Islamiyya, ta ɗauki jakarsu ta raka su har bakin ƙofa, ta juyo ta ci gaba da shara. Hajiya, wannan yarinyar amana ce a hannunki, kuma irinta ce Nana Asma'u ta tura jajoji nema.

Maza, mu ma da namu. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar magana a kan malaman da ke tara ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya ce suna ɗaukarsu kamar kayan aikin gida da ake mora har su fashe a jefar a juji. Sama da shekara 200 ke nan da wannan faɗakarwa, amma har gobe akwai mai hana matarsa zuwa makarantar matan aure da sunan kishi, alhali shi bai zauna ya koya mata hukuncin jinin haila ba, bai kuma kawo wadda za ta koya mata ba. Malam, in ka rufe ƙofa ka kuma ƙi karantarwa, me za ka ce a kan ayar Suratut Tahrim da ta umarce mu mu kare kanmu da iyalanmu daga wuta? A Sahihul Buhari ya tabbata cewa mata sun je wurin Manzon Allah (SAW) suka ce maza sun rinjaye su a wurinsa, ya ware musu rana. Bai kore su ba, ya sanya musu rana, ya je ya karantar da su. Nana A'isha (RA) kuma ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini.

Iyayenmu mata, don Allah kada shekaru su sa ku ji kunyar ɗaukar allo. Da yawa daga cikin waɗanda suka riƙa takawa zuwa wurin Nana masu furfura ne, kuma su ne suka zama malaman garuruwansu. Ke kuma 'yar'uwa da Allah Ya ba ki karatu, ba sai kin jira an buɗe miki makaranta ko an ba ki lasifika ba. Tabarma ɗaya bayan La'asar ta isa. Ki fara da Fatiha da tahiya da farillan alwala, da mutum biyu ko uku na gidanku da maƙwabta, cikin ladabi, ba tare da kin kunyata kowa ba. In tsohuwa ce, ki ce mata, "Inna, zo mu yi tilawa tare," ta fi karɓa a kan ki ce za ki gyara mata.

Nana Asma'u ta rasu a 1864 tana da kimanin shekara 71, bayan ta binne mahaifinta da ɗan'uwanta da mijinta, kuma ba ta ajiye alƙalami ba har kusan ƙarshen rayuwarta. An rufe ta a Hubbare a Sakkwato, kusa da Shehu. Ƙanwarta Maryam ta karɓi ragamar 'Yan Taru, aikin ya ci gaba har bayan zuwan Turawa.

Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan jajojinta da aka san sunansu da waɗanda ba a sani ba, Ya gafarta wa iyayenmu mata da suka koya mana Bisimilla. Amin.